Ƙafar Motar Baffa

Kwanan baya na je garejin ɗan ƙanena a hanyar Malam Madori, na zauna a benci ina kallo. Wani matashi cikin ma'aikatansa ya fesa wa ƙafar wata mota ruwa daga gwangwani, ya ɗauko wani ƙarfe mai ƙugiya da suke kira fula, ya murɗa, ya murɗa, sai ga boljoyin ya faɗo ƙasa kamar nunannen mangwaro. Ya juyo yana dariya ya ce, "Baba, wai wannan ne kuke cewa yana hana ku barci a zamaninku?" Ni kuwa in raina ya ɓaci a tsaye magana takan sarƙe mini. Shi ya sa na dawo gida na zauna na rubuta. Karatuna bai wuce firamare ba, amma abin da zan faɗa da hannuna na yi shi.

Ga wanda bai sani ba, boljoyin shi ne gaɓar da ke haɗa ƙafar mota ta gaba da jikinta. Dunƙulen ƙarfe ne a cikin kwanonsa, kamar yadda kan ƙashin cinya yake zaune cikin kwankwaso. Yana juyawa in an karya sitiyari, yana lanƙwasa in an faɗa rami. Daga dunƙulen nan wani sanda ya fito, mai kauri a gindi, siriri a sama, ya shige wani kunnen ƙarfe, aka ɗaure kansa da noti. Shigar sandan cikin kunnen irin shigar ruwan gatari cikin ƙota ce: duk dukan da hanya ta yi masa ƙara zama yake yi. In kuwa dunƙulen ya cinye kwanonsa ya fice ana cikin gudu, sai taya ta kwanta, mota ta durƙusa kamar raƙumi, ta kife da na ciki. Na taɓa zuwa jawo irin wannan a hanyar Gumel. Ba zan faɗi abin da na tarar ba.

Kuma ku sani, motar Haɗeja ba motar Kano ba ce. Tamu rabinta mota ce, rabinta kwalekwale. Da damina ta faɗi, direba zai tsunduma ta cikin fadama har ruwa ya kai bakin ƙofa, ya fito yana alfahari. Robar da ke rufe boljoyin ta yage, ruwa ya wanke giris, laka ta maye gurbinsa, tsatsa ta ɗaura wa sanda da kunne aure. Sai a kawo maka a ce, "Ɗan cire mana wannan, muna sauri."

Na koyi aiki a hannun wani mutumin kudu, Oga Emeka, a wata rumfa ta bayan kasuwa. Na daɗe ba na taɓa komai sai wankin notina a kwanon kananzir. Ranar da ya fara ba ni guduma a kan boljoyin, na ɗaga zan daki kan sandan, sai na ji filaya a bayan hannuna. Ya ce, "Habu, in ka daki sanda, kansa zai baje kamar hula, ba zai ƙara fita ba. Kunne ake duka, daga gefe." Gudumarsa biyu ce, babba da ƙarama. Babbar a tokare ta a bayan kunne, ƙaramar a sara da ita ta gaba, ƙarfen ya girgiza tsakaninsu ya tofar da sandan. Abu na biyu da ya dasa mini shi ne, ko iska kawai mota ta zo sha, kada ta bar rumfa sai an kama tayar gaba an jijjiga. Wannan ɗabi'ar ta jawo mini zagi fiye da komai a rayuwata, kuma ban bari ba.

Shekarar da aka yi rikici, mutanen kudu suka tattara suka tafi, Oga ya miƙo mini gudumomin nan biyu ya ce ajiya ce, zai dawo. Har yau suna nan, ina shafa musu mai, ban taɓa ba da aronsu ba, tunda ba nawa ba ne. Wannan ce muguwar shekararmu. Masu sayar da kayan mota sun tafi, shagunansu a rufe. Robar boljoyin sai mu yanko tsohon tib na taya mu kai wa baduku ya ɗinka. Direbobi kuma kowa ya zama makanike: wannan ya ɗaure da waya, wancan ya cusa tsumma, wani ya danna man shanu a maimakon giris, tururuwa ta biyo mota har gida. Daga baya kaya suka dawo, amma halin bai tafi ba.

Aikin da nake so in ba ku labarinsa ya zo ne bayan kuɗin mai sun shigo ƙasa, shekarar da aikin hajji ya faɗo a kaka, ruwan fadama bai gama janyewa ba. Akwai wani Manu, mai fataucin shanu, asalinsu wata ruga ce ta wajen Auyo amma shi ya zauna a gari. Ya sayi irin motar nan ta Faransa mai dogon baya, ta hannu, ya ɗauki wani Babarbare mai suna Bukar yana tuƙa masa. Mahaifin Manu kuwa, wanda kowa ke kira Baffa, tsoho ne tukuf, ido ya fara rauni. Tun Manu bai yi wayo ba yake cewa zai je Makka, kullum wani abu ya gitta, ko fari, ko ciwon shanu. A shekarar nan Allah ya kira shi. An aiko cewa gobe da asuba za a kira sunayen 'yan jirginsu a sansanin alhazai na Kano, wanda bai amsa ba jirgi ba ya jira.

Da hantsi suka tsaya a bakin rumfata, mota cike, akwatin Baffa da buta da tabarma a ɗaure a sama, 'yan rakiya na biye a ƙasa, mata na guɗa. Bukar ya leƙo ta taga ya ce, "Oga Habu, iska kawai, da duba mai. Kano muka nufa."

Na sa iska, na duba mai. Sannan na durƙusa na kama tayar dama na jijjiga. Ba ta motsa ba ko kaɗan, kuma wannan ne ya dame ni, domin na san motar, na san tsufanta, bai kamata ta yi shiru haka ba. Na kwanta na leƙa. Inda ya kamata in ga roba da noti, sai na ga wani baƙin dunƙule kamar an naɗe ƙotar gatari. Na ƙwanƙwasa da sifana, ya amsa kamar ƙashi.

"Bukar, mene ne wannan?"

Ya kawar da kai. "Tambayi Fulani. Ni dai an sa ni."

Baffa da ke zaune a gaba ya ji, ya ce, "Kiri ne, ɗana. Na fatar bijimi, da hannuna na yanka. Ƙafar tana ƙwas-ƙwas tun damina, wannan Babarbaren ya ce sai an je Kano. Na ce me aka yi aka yi Kano? Muka jiƙa, muka naɗe, rana ta yi sauran. Ka ji ta sake magana?"

Gaskiya ne, kiri in ya bushe matsewa yake har ya fi waya. Da shi ake ɗaure ƙotar da ta tsage, ta shekara ba ta motsa ba. Amma abin da ruwa ya sassauta jiya, gobe ma zai sassauta shi. Na tambayi Bukar yadda suka yi da suka ratso fadama jiya da yamma ɗauko tsohon. Ya sosa ƙeya ya ce sitiyari ya ɗan yi rawa bayan sun fito daga ruwa, amma ai an kwana, yau an sha rana, ta warke. Kowa kuwa ya san a lokacin ruwa ya cinye hanya a gaban gari, inda kwalbati ya karye, sai mota ta ratsa cikinsa kafin ta hau tudu. Daga nan sai doguwar tafiya da gudu, da jiƙaƙƙen kiri, da mutane a cike.

Na miƙe na ce, "Motar nan ba za ta bar nan ba sai na canza boljoyin."

Manu ya fito. Mutum ne mai kunya da kawaici, amma ranar na ga jijiyar wuyansa. Ya ce, "Malam Habu, ka san abin da kake faɗa? Jirgin ƙasa ya wuce tun jiya. Duk motar da ke garin nan an ɗauke ta rakiyar alhazai. In tsohon nan bai kwana Kano ba, wa ya ce maka zai ga baɗi?"

Na ce, "Shi ne nake so ya kai Kanon."

"Yaushe za ka gama?"

"Kafin azahar, in Allah ya yarda." Ina da sabon boljoyin guda da na ɓoye cikin gwangwanin mai, domin ni ban yarda in zauna ba ajiya ba. Na ɗauka cirewa ce kawai. Da na san abin da ke ƙarƙashin fatar nan da ban ambaci azahar ba.

Aka sauke Baffa, aka shimfiɗa masa tabarma a gindin darbejiya. Na ɗaga motar da jak, na tura wani tsohon turmi a ƙarƙashinta, domin ban taɓa amince wa jak shi kaɗai da ƙirjina ba. Na cire taya. Na sa wuƙa a kan kirin, wuƙa ta zame. Na sa zarto, haƙoransa suka cika da fata, ya daina ci. Na sa kurfi da guduma, ya riƙa tsalle, kuma bututun man burki na kusa, ina tsoron in fasa shi. Gumi ya rufe mini ido.

Baffa bai gani sosai, amma kunnensa ras. Ya ce, "Ɗana, faɗa kake yi da shi? Kiri ba a yi masa ƙarfi. Kai Babarbare, ɗebo ruwa mai ɗumi ka ba makanikenka. Ko wannan ma sai an je Kano?"

Bukar ya ce, "Ka ji Bafillatani! Ya ɗaure wa mota ƙafa kamar saniyar tatsa, yanzu kuma shi ne malami."

"Da ban ɗaure ba da tuni ka kai mu lahira, mai fuska kamar an yi huɗa."

Aka yi dariya, ban da ni. Amma na bi maganarsa. Muka naɗa tsumma, muka yi ta zuba ruwan zafi daga mai shayi, muna jira. Jiran nan ya ci abin da ya rage na hantsi. Kirin ya saki, ya yi santsi, na warware shi yana wari. Abin da na gani a ƙasa ya sa na yi salati. Roba babu ita. Dunƙulen yana lilo cikin kwanonsa, da ɗan yatsa nake kaɗa shi. Noti ya zama gudan tsatsa, ba kusurwar da sifana zai kama. Kan sandan kuwa ya baje kamar hula, sak yadda Oga ya faɗa.

"Wa ya daki wannan?"

Bukar ya ce, "Dama na gwada cirewa ne kafin mu ɗaure. Da taɓarya, sai kuma da dutse."

Ku da kuke da fula, ku gaya mini inda ƙugiyarku za ta kama a nan.

Na tsaga notin da kurfi, a hankali, gefe ɗaya, har ya buɗe baki na ɓanɓare shi. Na ɗauki magagari na goge hular da Bukar ya yi wa sandan, ina kwance a gicciye, garin ƙarfe na zubo mini a fuska. Na zuba kananzir gauraye da man burki a bakin kunnen. Aka kira azahar, aka yi, aka dawo. Manu kuwa agogonsa kawai yake juyawa a hannu, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Na ba Bukar babbar gudumar ya tokare, na sara da ƙaramar. Ƙarfe ya yi ƙara, bai motsa ba. Na sake. Na canza gefe. Na sara har kafaɗata ta mutu. Wannan dukan da ban taɓa ganin ya gaza ba, ranar ko gezau.

A nan ne masu ba da shawara suka taso. Duk wanda ya taɓa zama a bayan mota ya zama injiniya. Wani ya ce a zuba ruwan kanwa. Wani mai kifi ya ce a ɗaura igiya a taya a sa shanun huɗa su ja. Wata gwaggon Manu ta ce ita tun farko ba ta yarda da makaniken da ke magana shi kaɗai ba. Wani ya ce a hura wuta a ƙarƙashin motar kawai. Wuta, a ƙarƙashin mota mai cike da fetur ɗin zuwa Kano! Na ce wanda ya ƙyasta ashana a nan sai na fasa masa kai, ni da ban taɓa dukan ko akuya ba.

Manu ya durƙuso kusa da ni, ya rage murya. "Malam Habu, don girman Allah. Mayar da shi yadda yake. Akwai sauran kiri a jakar Baffa. Mu naɗe, mu tafi a hankali. In wani abu ya faru ba ruwanka, kowa shaida ne."

Na ce, "Ko na so, noti na tsaga shi. Kuma ba na so."

"To in ya rasa jirgin fa?"

Na waiwaya, tsohon na zaune da carbinsa, ya sa sabon takalmin da aka saya masa don tafiyar, ya kasa sabawa da shi, ya zare ɗaya ya riƙe a cinya. Na koma ƙarƙashin mota.

Zafi ake bukata, wannan na sani. In kunne ya yi zafi zai buɗe, in sandan ya zauna da sanyi zai tsuke. Amma ba da harshen wuta ba. A ƙetaren lungunmu akwai maƙerar Audu, wanda ke yi mana ƙusoshi tun muguwar shekara. Na je na ce masa ina so ya gasa mini guntayen ƙarfe masu kauri har su yi ja, ya riƙa kawo mini ɗaya bayan ɗaya da awartaki. Ya ce, "Wato ni zan zama mai kai wa mota garwashi? Ai wannan shisshigi ne." Amma ya kama zugazugi. Na aika aka ɗebo laka daga bakin kogi, mai danƙo, na lulluɓe bututun burki da ita, na dumbuza a gindin sandan da kansa, na bar kunnen kaɗai a buɗe.

Audu ya riƙa fitowa da gudu yana ihu, "Hanya, hanya! Ƙarfe ba ya da ɗan'uwa!" 'Yan rakiya su watse, ya manna jan ƙarfen a jikin kunne, mu riƙe har ya yi baƙi, ya koma ya kawo wani. Laka na tafasa tana bushewa, ina sake sabuwa. Da kunnen ya kai inda tofi ke tsalle a kansa, na ce Bukar ya tokare, na sara da duk abin da ya rage a jikina.

Bai fita ba.

Na zauna a ƙasa. Inuwar darbejiya ta riga ta juya gabas. Dabara ɗaya ta rage mini. Na ɗauko wani guntun ƙarfen gada da nake da shi, na sa bakinsa tsakanin kunne da hannun ƙarfen da ke riƙe ƙafar, na sa jak a ɗaya bakin na ɗaga har nauyin motar ya hau kansa, turmi na jiran ta a ƙasa in ta sauka. Ƙarfe ya yi ƙara kamar ana taka busasshen kara. Na ce Audu ya kawo zafi na ƙarshe, ya kawo. Na ɗaga guduma ke nan sai ladan ya kira la'asar.

Na ce, "Ku je, zan biyo ku. Yanzu ne yake da zafi."

Baffa ya ce, "Ɗana, ajiye."

"Baffa, in ya huce mun koma farko."

"Ni da zan je ɗakin Allah, a ce an bar jam'i saboda ƙafar motata? Da wane ido zan shiga? Ajiye, ka kama hannuna."

Ba a yi wa irinsa musu. Na hana kowa zuwa kusa da motar, na zana layi a ƙasa da sifana, na kama hannunsa muka tafi masallacin bakin lungu. Na yi alwala da hannun da sabulu bai iya da shi ba. Muna cikin ruku'u, liman bai ɗago ba, sai muka ji ƙau! kamar an harba bindigar maharba, sannan dim, mota ta zauna a kan turmi. Sahu ya girgiza. Na san abin da ya faru: zafin ya gama ratsa kunnen, laka ta riƙe sandan da sanyi, nauyin mota na danne, ƙarfe ya gaji ya saki. Abin da na shirya ke nan tun azahar. Amma daga wannan ƙarar ban san me na karanta ba, sai da na sake sallar daga baya.

Ana sallamewa aka ruga. Sandan ya fice, yana lilo. Gwaggon nan ta rangaɗa guɗa ta ce, "Allahu akbar! Makanike ya wuni yana duka ya kasa, Baffa ya yi ruku'u ɗaya ƙarfe ya bi!" Kafin in buɗe baki magana ta kai kasuwa. Audu da ya ƙona gashin hannunsa ya dube ni, na dube shi. Ya ce, "To, mu dai mun sha zafi."

Ban tsaya gardama ba. Na jira kunnen ya huce da kansa, domin in ka zuba masa ruwa yana iya tsagewa a ciki ba ka gani ba. Manu na cewa a zuba, ina cewa a'a. Na goge ramin da yashi da tsumma har ya yi haske, na duba shi ta kowane gefe ko ya fashe. Na fito da sabon boljoyin daga gwangwani, na cika shi da giris, na zaunar da robarsa, na ɗaure noti, na sa fin mai hana noti warwarewa na lanƙwasa ƙafafunsa. Na mayar da taya, na sauke, na jijjiga. Na zagaya na jijjiga ta hagu ma. Manu ya ce, "Ita kuma me ta yi?" Na ce ba ta yi komai ba, tambayarta nake. Na sake kwanciya na duba fin ɗin, duk da ni na sa shi.

Hankalina bai kwanta ba, sai na matsa cikin motar na bi su har inda ruwa ya cinye hanya. Bukar ya ratsa a hankali, muka hau tudu, na sauka na sake jijjigawa. Lafiya lau. Rana ta yi ja amma ba ta faɗi ba. Baffa ya kama hannuna ta taga ya yi mini addu'a mai tsawo, ya ce zai ambace ni a can. Na ce wa Bukar kada ya yi gudu, kada ya faɗa rami, in ya ji wani ƙara ya tsaya. Na tsallako ruwan da ƙafa, wando a naɗe, na sami wani mai keke ya kawo ni gari.

Sun kai. Bukar ya aiko da mai lodin kifi cewa an kira sunan Baffa ya amsa da kansa, har ya ɗaga sanda. Wannan shi ne abin da nake nema, kuma na samu.

Bayan alhazai sun dawo, wata safiya motar ta tsaya a bakin rumfata. Baffa ne a gaba, yanzu Alhaji, da farin rawani. Ya miƙo mini dabino a ƙullin takarda da ruwan zamzam a 'yar kwalba, ya ce bai manta ba. Na yi godiya, na yi masa barka da sauka. Bukar ya ce, "Iska kawai, Oga Habu," yana kallon sama.

Na sa iska. Na durƙusa na kama tayar dama. Shiru ƙwarai. Na kwanta na leƙa.

Baƙin dunƙule, a kan sabon boljoyin ɗina. An naɗe shi tam, ya bushe, ya matse robar har ta fashe, giris ya tsattsafo ta gefe, laka ta shiga.

Daga kwancen na ce, "Yaushe?"

Bukar ya ce, "Kana juya baya, ranar. Ko tsallake ruwan ba ka gama ba. Ya ce in tsaya, ya fito da sauran kirin, dama ya jiƙa shi a butarsa tun muna rumfarka. Na ce Oga Habu zai kashe ni. Ya ce to in zaɓa, ko kai ko shi."

Baffa ya ce, "Kada ka ji haushi, ɗana. Aikinka ya yi kyau, kowa ya gani. Amma ƙarfen Bature shi kaɗai, a doguwar hanya irin wannan? Na ce a taimaka masa. Ga shi kuwa ya kai mu."

Har yau in aka tuna labarin a Haɗeja haka ake ba da shi: salla ta cire, kiri ya kai. Ni da Audu ba ma ciki. Na fito daga ƙarƙashin motar, na karkaɗe rigata, na ajiye dabinon a inda mai ba zai taɓa shi ba. Na tura turmi. Na ce wa Bukar ya je wurin mai shayi ya ce a ɗora ruwa.